Yadda mai bugu 96 ke doke mai bugu 77: fashin baƙi kan handikaf a wasan golf

Wanda bai saba da ƙwallon lambu ba, idan ya leƙa filin golf na Kaduna ranar gasa, abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne rabon kyauta. Dokar wasan ba ta da wuyar ganewa: ramuka 18 ne, kowa yana ƙoƙarin jefa ƙwallonsa a kowane rami da bugu mafi ƙaranci, wanda jimillar bugunsa ta fi kaɗan shi ne gwani. To sai ga shi ana iya kiran dattijon da ya yi bugu 96 ya karɓi kofi, saurayin da ya yi 77 yana gefe yana tafa masa da zuciya ɗaya. Baƙo zai ɗauka girmama furfura ne, ko kuma alfarma aka yi wa mai hannu da shuni. Ko ɗaya babu. Lissafi ne da ake kira handikaf, kuma a ganina yana cikin tsare-tsare mafi adalci da aka taɓa ƙirƙira a fagen wasanni.

Mutumin Kaduna ba baƙon wannan tunani ba ne, domin gari ne na ƙwallon dawaki. A folo kowane mahayi yana da lambarsa, daga -2 zuwa 10, ana haɗa lambobin 'yan wasa huɗu na kowace ƙungiya, sai a ba ƙungiyar da ta gaza rarar ƙwallaye tun kafin a hau doki. Bambancin biyu ne. A folo babbar lamba ita ce ta gwani, a golf kuwa ƙarama ce. Na biyun ya fi muhimmanci: lambar ɗan folo kwamiti ne ke zama ya yanke ta bisa abin da idonsa ya gani, ta ɗan golf kuwa daga katunan wasansa take fitowa, ta hanyar lissafin da kowa zai iya bi da biro da takarda.

Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi kafin ƙwallo ta faɗa, wanda 'yan wasa ke kira par. Mu kira shi ƙa'idar rami. Gajeren rami ƙa'idarsa 3, matsakaici 4, dogo 5, kuma idan aka tara na ramuka 18 yawanci ana samun tsakanin 70 da 72. Handikaf shi ne rangwamen bugun da ake yi wa ɗan wasa saboda a san bai kai wancan ƙwararren ba. Mai handikaf 0 ba a rage masa komai. Mai 23 za a cire 23 daga abin da ya buga. Idan dattijonmu mai 23 ne ya yi 96, sakamakonsa 73 ke nan. Idan saurayin mai 3 ne ya yi 77, nasa 74. Dattijo ya ci da bugu ɗaya, ba don ya fi iya wasa ba, sai don a ranar ya fi kusantar ƙoluluwar iyawarsa fiye da yadda saurayin ya kusanci tasa. Tambayar da gasar ke amsawa ke nan, kuma kowa ya san da haka kafin ya ɗaga sanda. Shi ya sa ma gasa da yawa ke ware kyauta dabam ga wanda ya fi kowa ƙarancin bugu ba tare da rangwame ba.

Ba yau aka fara ba. Tun ƙarshen ƙarni na 17 akwai rubutaccen bayani daga Edinbara ta ƙasar Sikotilan kan yadda gwani ke ba na ƙasa da shi rarar bugu. Sai dai a wancan zamani ciniki ne tsakanin mutum biyu, kowa da bakinsa. Mata ne suka fara yin tsayin daka wajen daidaita abin a faɗin ƙasa: ƙungiyar mata 'yan golf ta Birtaniya da aka kafa a 1893, ƙarƙashin jagorancin Issette Pearson, ta shimfiɗa tsarin da kulob-kulob da yawa suka bi. Hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fito da nata a 1911. Daga nan kowane yanki ya kama gabansa, har aka wayi gari da manyan tsare-tsare shida a duniya: na Amurka, na Birtaniya da Ayalan, na sauran Turai, na Ostareliya, na Afirka ta Kudu da na Ajantina. Mai 12 a wannan ƙasa ba lalle ya zama daidai da mai 12 a waccan ba. A 2020 ne USGA da takwararta R&A da ke garin Sent Andurus suka haɗe su wuri ɗaya, tsari guda na duniya, wanda hukumar golf ta kowace ƙasa ke gudanarwa ta hannun kulob-kulob ɗinta.

Matsalar farko da tsarin ya tunkara ita ce fili ba ya zama daidai da fili. Bugu 96 a fili mai faɗi, mai gajerun ramuka, ba ɗaya yake da 96 a fili mai itatuwa da tafkuna da kwarin yashi ba. Saboda haka kafin a auna ɗan wasa sai an auna filin. Ƙwararrun masu awo kan zo su bi shi rami bayan rami, suna duba tsawo, da faɗin hanya, da tudu da gangare, da kaurin ciyawar gefe, da yashi, da ruwa, da itatuwa, da santsin dandalin da ramin yake, da iskar da ta saba kaɗawa a wurin. Har tsayin gari daga teku yana shiga lissafi, domin ƙwallo ta fi yin nisa a sama a wuri mai tudu kamar Jos, inda filin Rayfield yake, fiye da a Ikoyi ta Legas da ke bakin ruwa. Daga wannan aiki lambobi biyu ke fitowa.

Ta farko ita ce awon fili: bugu nawa mai handikaf 0 zai yi a nan a rana ta yau da kullum. Yana iya zama 71.0 a filin da ƙa'idarsa 72. Ta biyu ita ce awon tsauri, wanda ake kira sulof, kuma a nan hikimar take. An lura cewa wahalar fili ba ta faɗa wa kowa daidai. A ma'aunin masu awo, gwani namiji yana aika bugun farko yadi 250, matsakaicin ɗan wasa mai handikaf wajen 20 kuma yadi 200. A ce akwai rafi da ya ratsa hanya, sai an yi yadi 210 a sama kafin a tsallake shi. Gwani ko kallonsa ba zai yi ba. Matsakaici kuwa ko dai ya jefa ƙwallo a ruwa ya sha tara, ko ya tsaya kafin rafin ya yi asarar bugu. Rafi ɗaya ne, amma mutum ɗaya kawai yake ci. Awon tsauri yana nuna yadda fili ke ƙara tsananta wa matsakaici fiye da gwani. Lambarsa tana tsakanin 55 da 155, kuma 113 ita ce ta fili mai matsakaicin tsauri. Dean Knuth na USGA ne ya yi fice wajen ƙirƙiro wannan awo, aka fara aiki da shi a Amurka a shekarun 1980.

Yanzu ga yadda kati ke zama lamba. A ɗauki bugun da mutum ya yi, a cire awon fili, a ninka da 113, a raba da awon tsauri. Mu ƙaddara filin misali mai awo 71.0 da tsauri 125. Dattijo ya yi 96. An cire 71, saura 25. An ninka da 113 an raba da 125, an sami 22.6. Wannan ita ce tazarar wasansa na ranar. Mako mai zuwa ya je wani fili mai sauƙi, awo 68.0, tsauri 110, ya sake yin 96. Wannan karon tazarar 28.8 ce. A baki zai ce wasa ɗaya ya yi a makonni biyun, amma lissafi ya nuna na biyun ya fi na farko muni da fiye da bugu shida.

Ana adana tazarar wasanni 20 na baya-bayan nan, a zaɓi 8 mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu. Abin da ya fito shi ne lambar handikaf ta ɗan wasa, wadda yake yawo da ita duk inda ya je a duniya. Mafi girmanta 54.0, ga maza da mata baki ɗaya. Sabon shiga ba sai ya jira wasa 20 ba: da zarar ya miƙa katunan ramuka 54, wato zagaye uku cikakku ko makamancinsu a zagayen ramuka tara-tara, zai sami lambar farko, ta ci gaba da gyaruwa yayin da katuna ke ƙaruwa.

Wannan zaɓe na 8 cikin 20 shi ne abin da 'yan wasa da yawa ba su fahimta ba, kuma yana jawo ɓacin rai ba gaira ba dalili. Handikaf ba matsakaicin wasanka ba ne. Wasanni 12 mafi muni an zubar da su gaba ɗaya. Cikin 8 da suka rage ma, kusan rabi ne kawai suka kai lambar ko suka fi ta kyau. Ma'ana, mutum zai buga daidai da handikaf ɗinsa ne kamar sau ɗaya cikin biyar. Sau da yawa za ka ji wani a inuwar kulob yana ƙorafi cewa an zalunce shi, wai an ba shi 18 alhali ya fi wata bai buga daidai da 18 ba. Ba a zalunce shi ba, haka aka gina abin. Da matsakaici ake bi, da wanda wasansa ke hawa da sauka sosai ya riƙa cinye kowace gasa a duk ranar da hannunsa ya faɗa daidai, mai natsuwa kuwa ya tashi a tutar babu.

Lambar da ke aljihu ba ita ake bugawa da ita kai tsaye ba. Idan aka iso fili sai a mayar da ita rangwamen wannan filin: a ninka da awon tsauri, a raba da 113, a ƙara bambancin awon fili da ƙa'idarsa. A filin misalinmu, mai lamba 22.0 zai tashi da 23, mai 4.0 kuma da 3. Dubi yadda filin ya ƙara wa dattijo, saurayi kuwa ya ragu. Babu wanda ke yin wannan lissafi a ka. Akwai jadawali a allon kulob, akwai kuma manhajar waya.

Sai batun inda rangwamen ke sauka. A kan katin wasa akwai wani layi da ke jera ramuka daga 1 zuwa 18, ba bisa tsarin da ake bin su ba, sai bisa inda aka fi buƙatar taimako. Mai rangwame 3 yana samun bugu ɗaya a ramukan da aka yi wa lamba 1, 2 da 3 a wannan layi. Mai 18 yana da ɗaya a kowane rami. Mai 23 yana da ɗaya a ko'ina, da ƙarin na biyu a ramuka biyar mafi wuya. Wannan ya fi fitowa fili a karon mutum biyu, inda ake ƙirga ramin da kowa ya ci maimakon jimillar bugu. A nan gwani yakan koma 0, a ba ɗayan bambancin: 23 a cire 3, saura 20. Dattijo yana da bugu ɗaya a duk ramukan, biyu a ramuka biyu mafi wuya. Masu ɗaukar jaka sun haddace wannan fiye da iyayen gidansu. Za ka ga yaro ya miƙa sanda a wurin bugun farko, ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, kana da bugu biyu a nan, kada ka yi gaggawar tsallake ruwan. Ka ajiye ta kafin rafi, shida ma ta ishe mu." Ya yi gaskiya: idan saurayi ya yi 4 a ramin, shidan dattijo kunnen doki ce, biyar kuwa nasara. Rangwamen ya sauya dabarar wasan kanta, ya koya wa mai rauni ya yi wasa da hankali maimakon kwaikwayon ƙarfin da ba shi da shi.

Akwai kuma salon ƙirga maki da Dakta Frank Stableford ya ƙirƙiro, wanda aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932. Bayan an cire rangwame, wanda ya yi daidai da ƙa'idar rami yana da maki 2, wanda ya haura da ɗaya maki 1, wanda ya gaza da ɗaya maki 3, wanda ya haura da biyu ko fiye ba shi da komai. Maki 36 na nufin mutum ya buga daidai da handikaf ɗinsa. Alherin wannan salo shi ne rami ɗaya ba ya rusa yini guda. Ƙwallo ta shige ciyawa sau biyu, sai ka ɗauke ta ka wuce rami na gaba, na bayanka ma su huta da jira a rana.

Irin wannan tunani yana cikin lissafin handikaf ɗin ma. Komai lalacewar rami, abin da za a rubuta don lissafi ba ya wuce ƙa'idar ramin da ƙarin biyu da kuma rangwamen da mutum ke da shi a wurin. A rami mai ƙa'ida 4 inda kake da bugu ɗaya, ko 11 ka yi, 7 za a ɗauka. Yanayi ma an yi masa tanadi, abin da ya shafe mu sosai a nan. Filin Kaduna na watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa ƙwallo tana gangarawa ba birki, iska kuma tana karkatar da ita, ba shi ne filin watan Agusta ba, da ciyawa ta yi kauri ƙwallo tana nutsewa inda ta faɗi. Tsarin yana duba katunan duk waɗanda suka yi wasa a fili a rana ɗaya, muddin sun kai takwas, idan ya ga kowa ya sha wuya fiye da kima sai ya sassauta, daga bugu ɗaya har zuwa uku, idan kuma ranar ta yi sauƙi ƙwarai ya tsaurara da ɗaya. Dalilin da ya sa ake son a shigar da kati a ranar da aka yi wasa ke nan, ba bayan kwana uku ba.

A gasar mutane da yawa akwai wani ɗan gyara da ake yi: yawanci kashi 95 cikin 100 na rangwamen ake bayarwa. Dalili shi ne masu babbar lamba wasansu ya fi hawa da sauka, kuma idan suka yi yawa a fili da wuya a rasa ɗaya da ranar ta zame masa ta sa'a. A misalinmu, 23 na dattijo zai koma 22, 3 na saurayi ya tsaya a 3. Sakamako ya zama 74 da 74. Bugu ɗaya tak aka taɓa, amma ya isa ya mayar da nasara kunnen doki. Gwanaye da yawa suna ganin ko hakan bai wadatar ba, kuma ina ganin ƙorafinsu yana da tushe a gasa mai cunkoso: da wuya ƙwarai mai 3 ya buga bugu goma ƙasa da lambarsa, mai 28 kuwa yana iya yi. Maganin da kulob-kulob ke bi, na raba gasa rukuni-rukuni bisa girman lamba, ya fi a tsaya ana jayayya kan kashi.

Duk wannan gini, da kyawunsa, a kan abu ɗaya yake tsaye, wato gaskiyar abin da aka rubuta a kati. Golf wasa ne da ba alƙali a bayan kowa. Abokin zagayenka ne ke rubuta bugunka, ya sa hannu, kai ma ka sa. Masu cin amanar tsarin iri biyu ne. Akwai mai kumbura lambarsa da gangan: yana miƙa katunan ranakun da ya lalace, yana ɓoye na ranakun da ya yi kyau, ko ya riƙa zubar da bugu a ramukan ƙarshe idan ba kyauta a gaba, har ranar babbar gasa ya zo da rangwamen da ya fi ƙarfinsa ya kwashe kaya. Wannan sata ce, ko da an yi ta cikin fara'a da riga mai tsada. Akwai kuma mai ƙanƙantar da lambarsa don a ce da shi gwani. Shi kansa yake cuta, sai kuma abokin da tsautsayi ya haɗa su ƙungiya ɗaya.

Tsarin ya kafa wa na farkon shinge. Yana riƙe da lamba mafi ƙanƙanta da mutum ya kai cikin kwana 365 da suka wuce. Idan sabon lissafi ya haura ta da fiye da 3, abin da ya ɗoru a kan ukun rabinsa kawai ake ɗauka, kuma ko ta yaya ba za ta haura da fiye da 5 ba. Wanda ya taɓa sauka 15.0 a bana, ko lissafi ya ce 20.0, a 19.0 zai tsaya, kuma ba zai wuce 20.0 ba komai ya buga. Ta ɗaya ɓangaren, wanda ya zo da wasan da ya fi lambarsa kyau da 7 ko fiye, nan take za a zaftare masa ɗaya, idan ya kai 10 a zaftare biyu. Sannan kowane kulob yana da kwamitin handikaf mai ikon duba tarihin ɗan wasa ya gyara lambarsa, sama ko ƙasa, misali ga wanda ya dawo daga jinya ko wanda katunansa na gasa suka sha bamban da na sauran ranaku. Aiki ne mai nauyi a gari irin namu, inda wanda za a rage wa lamba yana iya zama tsohon maigidanka a ofis ko surukin yayanka. Kwamitin da ya ji kunyar manya ya bar ƙananan 'yan wasa da biyan kuɗin shiga gasar da an riga an san mai cin ta.

Abin da na fi so a duba a Kaduna shi ne yaran nan masu ɗaukar jaka. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya ta wannan hanya suka taso, suna koyon bugu da tsohuwar sanda a gefen fili kafin masu gida su iso. Yaro yana iya buga 78 a kai a kai, amma muddin ba shi da lamba a hukumance, iyawarsa ba ta wuce labarin baka ba, kuma gasannin masu son wasa da dama ba sa karɓar wanda ba shi da ita, wasu ma sai lambar ta yi ƙasa da wani mataki. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: a ba su ranar wasa a fili, a yi musu rajista mai rahusa, memba ɗaya ya zagaya da su ya sa hannu a kati. Zagaye uku sun isa a buɗe wa yaro lambarsa ta farko, wadda za a karanta a Abuja ko Legas ko Nairobi a gane matsayinsa ba tare da wani ya yi masa alfarma ba.